Rashin barci: kada ku ji nauyin faɗa wa mai farmasi

Mutum yakan shiga farmasi ya ce kansa na ciwo ko cikinsa na murɗawa, ba tare da wata kunya ba. Amma in barci ne ya ƙaurace masa, sai ya yi shiru. Wani yana ganin rashin barci ba cuta ba ce, haƙuri ne maganinsa. Wani yana tsoron a ce hankalinsa ya taɓu. Mace kuwa takan ji nauyin magana a gaban jama'a, kada a ce gidanta babu zaman lafiya. Wanda ya daure ya yi magana, galibi abu guda yake so: a ba shi ƙwaya ya tafi. In aka tsaya yi masa tambayoyi, sai ya fusata ya nufi masu tallan magani a kasuwa, tun da su ba su tambayar kowa kome.

To, ku sani tambayoyin nan su ne rabin magani. Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye da haka a kowane dare, kuma abubuwan da ke hana shi suna da yawa. Zafin watan Afrilu da Mayu yana hanawa, sauro ma haka. Shayi mai kauri da goro da kofi suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa yana nan cikin jini bayan kamar awa 5. Ke nan shayin da kuka sha a fada bayan isha'i bai bar jikinku ba har tsakar dare.

Wani lokaci kuma rashin barcin alama ce ta wata cuta. Yawan tashi fitsari da dare yana iya zama ciwon suga. Minshari mai ƙarfi da numfashi ke yankewa a cikinsa yakan tafi tare da hawan jini. Baƙin ciki mai daɗewa shi ma cuta ne, kuma yana da magani. Ƙwayar barci ba ta warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Rufe su kawai take yi.

Shi ya sa mai farmasi ba ya ba da diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, sai da takardar likita. Ba rowa ba ce. Jiki yana sabawa da ƙwayar cikin ƴan makonni, har mutum ya kasa barci in babu ita, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya bari gaba ɗaya a rana guda yana iya faɗuwa yana jijjiga. Tana sa tsofaffi jiri su faɗi su karye. Ɗan kabu-kabu da ya sha ta da dare yana iya hawa babur da safe da sauran magagi a idonsa. In aka haɗa ta da tramol ko giya, numfashi yana iya tsayawa.

Idan kun je, ku nemi a keɓe da ku gefe. Ma'aikacin lafiya ba shi da izinin fallasa sirrin majinyaci. Ku faɗi tun yaushe abin ya fara, da abin da kuke sha da yamma, da duk maganin da kuke amfani da shi, har na gargajiya. Mai ciki da mai shayarwa su faɗi halin da suke ciki tun kafin a tambaye su. In rashin barcin ya kai dare 3 a mako har tsawon wata 3, ko kuma yana hana ku aiki da rana, mai farmasi zai tura ku CSI mafi kusa domin a auna jininku da suganku.