Aku Bai Tsare Musa Da Tsawa Ba

Duk wanda ya zauna a makarantar boko a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa riƙe Magana Jari Ce ba. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta littafin nan a Zariya cikin 1936, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939, domin 'yan makaranta su sami abin karantawa da harshensu. Ga shi yau ya haura shekara 80 ana karanta shi. Amma akwai wani abu a cikinsa wanda yawancinmu muka karanta muka wuce tun muna yara, ba mu komo mun dube shi da idon iyaye ba.

Ku tuna yadda littafi na ɗaya ya ke tafe. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri kuwa ya ƙulla makirci, ba abin da ya ke so sai yaron ya fito daga fada a hallaka shi. Musa, da ya ke ƙuruciya na ɗibarsa, kullum dare sai ya yi ɗamara zai bi uban. To, wa ya tsare shi? Aku ne, tsuntsun da ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Bai yi tsawa ba, bai yi barazana ba. Sai ya jawo labari, Musa ya tsaya ya ji ƙarshensa, kafin a ankara gari ya waye. Gobe ma haka, jibi ma haka, har Sarki ya komo ya tarad da ɗansa da rai.

Dabarar nan tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen ƙasar Hindu suna da labarin aku mai tsare mutum da hira tun da daɗewa. Daga can kuma Kalila wa Dimna ya samo asali, wanda Ibn Muƙaffa ya mai da shi Larabci cikin ƙarni na 8, an kuwa ce tushensa an shirya shi ne don a koya wa waɗansu 'ya'yan sarki hankali bayan sun gagari malamai. Imam ya ɗebo daga irin waɗannan, da Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu riga da hula irin tamu, har mai karatu ya rantse a bayan garinsu abin ya faru.

Mu ma ai ba baƙi ba ne ga wannan hanya. Kafin boko ya zo, makarantar farko ta ɗan Bahaushe ita ce tabarmar kakarsa. In an ci tuwon dare, yara su kan kewaye tsohuwa a tsakar gida, ta kawo musu Gizo da Ƙoƙi, da kura da ba ta taɓa yin wayo ba, da 'yar bora da 'yar mowa. Har a kan tsoratad da su cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓace, watau dai a bar rana ga aiki. A nan yaro ya ke fara jin cewa kwaɗayi na kai mutum ga wulakanci, marainiya mai ladabi kuma ba ta taɓewa. Yanzu fa? Kaka tana ƙauye, jikoki suna birni. Inda ma su ke tare, talabijin da wayar hannu sun cinye daren. Uba yana nasa kallo, uwa tana nata, yaro kuwa ya sami abin da ya samu.

Waɗansu iyaye, da suka ga haka, sai su sayo littafi su miƙa wa yaro, su ce sun sauke nauyi. A nan mu ke ganin an yi kuskure. Littafi shi kaɗai ba ya renon kowa, domin labaran nan namu ba duka ne mai gaskiya ke cin nasara a cikinsu ba. Dubi Kalalatu a Magana Jari Ce, wadda ta cinye kajin da aka dafa don baƙo, sa'an nan ta shirga wa baƙon ƙarya, ta shirga wa mijinta wata, ta zauna lafiya lau ana tsere a waje. Dubi Ruwan Bagaja, wanda Imam ya rubuta don gasar da Hukumar Talifi ta shirya cikin 1933, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe su ke ta ɗana wa juna tarko daga wannan gari zuwa wancan. Gizo kansa sau nawa ya ci amana ya sha? Yaro ɗan shekara 9 in ya karanta waɗannan shi kaɗai, zai yi dariya har da hawaye, abin da kuma zai ɗauka ya tafi da shi shi ne wayo ya fi gaskiya riba. Ba laifin mawallafi ba ne. Don nishaɗi ya rubuta, yana kuma sa ran akwai malami ko uba a kusa.

Saboda haka zaman shi ne abin nema. Ko da minti 15 ne bayan sallar lisha, babba ya zauna yaro ya matso, a buɗe littafi. In an kai inda Kalalatu ta tsira, sai a rufe a tambaya: “To, kai da kai ne baƙon nan fa? Gobe in ka gamu da mai gidan a kasuwa, me za ka ce masa?” A bar yaro ya yi ta ƙoƙarin amsa, ko da amsar ta karkace. Sau da yawa za ka ji ya faɗi abin da ke damunsa a makaranta, ko wata ƙarya da shi kansa ya yi, alhali da ka tsare shi da tambaya kai tsaye ba zai buɗe baki ba. Yaro ya fi sakin jiki ya yi hukunci a kan laifin Gizo bisa ga nasa, amma ma'aunin da ya auna Gizo da shi, da shi zai auna kansa daga baya.

Sai dai a yi hattara da yawan wa'azi. Akwai uban da ba ya iya kai ƙarshen shafi sai ya tsaya ya ce, “Ka ji ko? Irin halinka ke nan.” Wannan ya mai da labari bulala, kwana uku yaro zai fara jin barci da an ɗauko littafi. Da aku ya yi wa Musa haka, da tun daren farko ya fice.

In yaro ya tasa, sai a canja masa abinci. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma daga gasar 1933 ya fito, tun kafin marubucinsa ya zama Firayim Minista cikin 1957, labari ne na yaron da aka sace aka ƙetara da shi hamada zamanin cinikin bayi, uwarsa kuma ta bi sawunsa tana nema har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Ba littafin dariya ba ne. Ɗan shekara 13 da ya karanta shi tare da uwarsa zai yi tambayoyi masu nauyi a kan zalunci da haƙuri, har da abin da kakanninmu suka yi wa juna, gara kuwa ya yi su a gida inda za a ba shi amsa ta gaskiya.

Saura masu cewa, “Ni ban yi boko ba.” Wannan ba hanzari ba ne. A juya abin: yaro ya karanta da ƙarfi, uba ko uwa su saurara. Shi yana da baƙaƙe, su suna da sanin duniya. In ya yi tuntuɓe a kan kalma irin ta mutanen da, kamar barde ko zagi ko sulke, sai kaka ta warware masa, ta ƙara da abin da ta gani da idonta a hawan salla. Yaron da malami bai taɓa saurarar karatunsa ba saboda cunkoson aji, ga shi ya sami masu sauraro har uku a ɗaki ɗaya, ƙannensa kuma suna gefe suna jiran ranar da littafin zai zo hannunsu.