Lambun Bayan Gida da Amanar Lokaci

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana. An sha wuya, amma mun ga yawan lokacin da waya ke cinye mana.

A Darini da maƙwabtanta, tsoron 'yan bindigar dajin Rugu ya sa zuwa gonar nesa ya zama kasada. Amma zogale, yakuwa da kuɓewa suna rayuwa a bayan ɗaki da ragowar ruwan alwala. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa abin da aka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Ɗan'uwa, bayan La'asar ajiye waya, ka ɗauki fartanya tare da 'ya'yanka.