Lissafin 'fozi' da matsalar gano nakasar fahimta

Shekara da shekaru ana ɗaukar maki 70 a gwajin kaifin basira na IQ a matsayin iyakar da ke raba mai nakasar fahimta da wanda ba shi da ita.

Sai dai abin tambaya shi ne, mene ne bambancin yaron da ya sami maki 69 da wanda ya sami 71?

Ita dai nakasar fahimta daban take da taɓin hankali. Tana farawa ne tun ƙuruciya, inda koyo da warware matsala da kula da kai kan yi wa mutum wuya.

Matsakaicin maki a gwajin shi ne 100, amma gwajin kansa kan yi kuskuren da ya kai kimanin maki biyar, sama ko ƙasa.

Wannan kuskure ya taɓa zama batun rai da mutuwa a Amurka. A shekara ta 2002 Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta zartar da hukuncin kisa a kan masu wannan nakasa.

Amma jihar Florida ta kafe cewa sai wanda bai wuce maki 70 ba zai amfana. A 2014 kotun ta yi watsi da wannan ƙa'ida, a shari'ar Freddie Lee Hall, wanda ya sami maki 71.

Tsakanin e da a'a

Irin wannan giɓi ne wasu masu bincike ke ƙoƙarin cikewa da lissafin da ake kira fozi lojik, wanda Farfesa Lotfi Zadeh na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya aza harsashinsa a 1965.

A lissafin kwamfuta na yau da kullum, amsa ba ta wuce e ko a'a, wato ɗaya ko sifili. Shi kuwa fozi ya yarda da abin da ke tsakani, kamar yadda ake samun ruwan ɗumi tsakanin mai zafi da mai sanyi.

Alal misali, maimakon a jefa yaro cikin rukuni guda, manhajar na iya nuna cewa ya shiga rukunin ƙaramar nakasa da kashi 60 cikin ɗari, rukunin masu jinkirin koyo kuma da kashi 40.

Daga nan sai ta haɗa wannan da yadda yaron ke magana, da sa tufafi, da ƙirga kuɗi, da zama da mutane, bisa ƙa'idojin da likitoci suka tsara mata.

Hakan ya dace da matakin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ɗauka a 2013, na auna tsananin nakasar da yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum, ba da makin IQ ba.

Sai dai hanyar na da nata rauni. Mutane ne ke tsara ƙa'idojin, saboda haka kuskurensu na iya shiga cikin manhajar. Haka nan idan an yi wa yaro gwaji da harshen da bai ji sosai ba, babu lissafin da zai gyara sakamakon.

Don haka aikin manhajar bai wuce ba da shawara ba. Yanke hukunci na hannun likitan da ya ga yaron, ya kuma saurari iyayensa da malamansa.