Dutsen da Ke Jin Riƙon Ƙwayar Halitta

Da yawa daga cikin ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama jikin ɗan Adam ba sa rayuwa sai sun kama wani abu. Ƙwayar fata ko ta bangon hanji, da zarar ta saki inda take manne, takan kashe kanta. Ta ciwon daji kuwa ta iya saki ba tare da ta mutu ba, shi ya sa take bin jini ta je ta kafa sabon gida a huhu ko hanta. A ciwon sikila lamarin a juye yake: jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda bai kamata su kama komai ba, sai su liƙe a bangon ƙananan jijiyoyi su toshe hanya, ciwo ya tashi. Saboda haka sanin yadda ƙwaya take riƙo, da wane ƙarfi, cikin minti nawa, ba ƙaramin abu ba ne a likitanci.

Tsohuwar hanyar awo ita ce a zuba ƙwayoyin a faranti, a jira, a ɗauraye da ruwa, a ƙirga waɗanda suka rage. Wannan yana nuna ƙarshen labari ne kawai. Abin da ya faru a tsakani ya wuce ba wanda ya gani.

Mafita ta zo daga dutsen kwats, wanda ke cikin agogon hannu mai batir. A 1880 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matse wannan dutse yana fitar da lantarki. Ba da jimawa ba aka tabbatar da akasinsa: a sa masa lantarki, sai ya motsa. Na cikin agogo yana kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan. Na ɗakin bincike wani ɗan faifai ne mai faɗin milimita 14, kaurinsa kusan sulusin milimita, an shafa masa zinariya gaba da baya, yana kaɗawa gefe da gefe sau miliyan 5 a sakan. A 1959 Günter Sauerbrey, Bajamushe, ya nuna cewa siririn abu mai tauri da ya ɗare kan faifan yana rage saurin kaɗawar daidai gwargwadon nauyinsa. Raguwar kaɗawa ɗaya tak tana nufin kusan nanogiram 18 ya sauka a kan murabba'in santimita, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram.

Da aka iya sa faifan ya yi aiki a cikin ruwa, a shekarun 1980, sai masu bincike suka fara zuba masa ƙwayoyi masu rai. A nan ne lissafin Sauerbrey ya gaza, kuma a ganina gazawar nan ta fi lissafin amfani. Kaɗawar faifan ba ta shiga ruwa fiye da kimanin nanomita 250, alhali tsayin ƙwaya ya ninka haka sau goma ko fiye. Ke nan faifan bai san nauyin ƙwaya ba, ƙasanta kaɗai yake ji, wato daidai inda take riƙo. Ƙwayar da ta sauka a dunƙule ba ta kama ba, da ƙyar take nunawa a allo. Sai ta miƙa furotin ɗinta da ake kira intagirin ta cafke faifan, ta fara bajewa, sannan layin saurin kaɗawa da ke kan kwamfuta yake gangarowa, cikin awa ɗaya zuwa 'yan awoyi.

A tsakiyar shekarun 1990 Bengt Kasemo da abokan aikinsa a Jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin suka ƙara awo na biyu. Sukan katse lantarkin su auna yadda kaɗawar take mutuwa. A ƙwanƙwasa kwanon ƙarfe, zai daɗe yana ƙara. A manna masa curin tuwo, ƙarar ta mutu nan take. Haka faifan yake bambance abu mai tauri da mai laushi. Da awon nan biyu ana gane ko ƙwaya ta ɗaure jikinta tamau ko ta saki. Idan aka zuba maganin da ke wargaza zaruruwan da ke riƙe da siffarta, layin yakan canza cikin mintuna, ba rini, ba a kashe ƙwayar ba.

Masu ƙera ƙarfen dashen haƙori da na ƙugu suna shafa wa faifan titaniyam don su ga ko ƙwayoyin ƙashi za su karɓe shi. Wasu suna gwada yadda jini ke daskarewa a kan robar da za a sa a jijiya.

Sai dai na'urar tana da shagwaɓa. Ɗan sauyin zafi ko kumfar iska ɗaya ya isa ya ɓata aikin yini. Kuma amsa ɗaya take bayarwa a madadin dubban ƙwayoyi, ba za ta ce rabinsu sun riƙe da ƙarfi rabi sun saki ba. Shi ya sa ake ƙera wasu da 'yar taga ta gilashi a sama, mai bincike yana kallon ƙwayoyin ta madubin ƙara girma yayin da faifan ke awo daga ƙasa.