Daga bakin rami zuwa maƙera: yadda harsuna suka raɗa wa ƙarfe suna

Tun zamanin da can, ɗan Adam ya san ƙarafa bakwai: zinariya, azurfa, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, kuza, dalma da zaiba. Kowanne da sunansa. Sunan da zai haɗa su duka ne ya zo daga baya, kuma a nan al'ummomi suka raba hanya. Wasu sun dubi wurin da ake haƙo abin, wasu kuwa suka ɗauki sunan ƙarfen da ya fi tasiri a rayuwarsu suka lulluɓe sauran da shi.

Girkawa na cikin rukunin farko. Kalmarsu ta "metallon" asali ramin haƙo ma'adinai take nufi, har da wurin fasa dutse. Da Romawa suka are ta sai ta zama "metallum", ta haɗa ramin da abin da ke fitowa daga cikinsa. A shari'ar Roma, wanda aka yanke wa hukuncin zuwa "metalla" an tura shi aikin bauta ne a ƙarƙashin ƙasa. Daga Latin kalmar ta bazu zuwa Faransanci da Ingilishi da Jamusanci da Rashanci, yau kuma da wuya mai furta ta ya tuna da rami.

Larabawa ma hanyar suka bi. "Ma'adin" ta fito daga tushen da ke nufin zama da tabbata a wuri, tushen da ya ba da sunan Aljannar Adnin. Ma'adin ke nan shi ne mazaunin abu a cikin ƙasa. Daga nan Hausa ta samu ma'adini da jam'insa ma'adinai.

Rukuni na biyu ya fi nuna halin kowace al'umma. A Sinanci, harafin da ake karantawa "jin" yana nufin zinariya, yana nufin ƙarfe, yana kuma nufin kuɗi, kalmar ƙarafa baki ɗaya kuwa ma'anarta dangin "jin". A Sanskirit ta Indiya, "loha" ta soma ne da ma'anar ja, wato jan ƙarfe, amma a Hindi ta yau baƙin ƙarfe take nufi. Sunan ya bi ƙarfen da ya karɓi ragamar aiki. Romawa kuma suna da "aes", mai nufin jan ƙarfe da tagulla da kuɗin da ake bugawa da su. Saboda yawan jan ƙarfen da ake kawowa daga tsibirin Kubrus, suka riƙa cewa "aes" na Kubrus, sunan ya taƙaice ya koma "cuprum". Shi ya sa alamar jan ƙarfe a ilimin sinadarai take Cu.

Misirawan da kuwa baƙin ƙarfe ya fara zo musu ne daga duwatsun da ke faɗowa daga sama, har suka kira shi ƙarfen sama. Binciken da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da cewa wuƙar da aka binne Fir'auna Tutankhamun da ita daga irin wannan dutse aka ƙera ta.

Hausa tana rukuni na biyu, amma ba zinariya ta ɗaukaka ba. Ƙarfen da ake narkarwa daga tama, wanda maƙeri ke hura wa zugazugi ya ɗora bisa uwar maƙera ya fitar da fartanya da lauje da takobi, shi ya zama uban gida. Sai aka bambanta ƙarafa da launi: ja, fari, baƙi. Masana harshe suna danganta azurfa da kalmar Abzinanci, zinariya kuma da dinari, alamar cewa ta hanyar fataken Sahara aka san su. Har ƙidayar lokaci ta samu rabonta, domin ana danganta "ƙarfe biyu" da al'adar buga ƙarfe don sanar da awa.

Kimiyya ta zo da wani ma'auni na daban. A wajenta ƙarfe shi ne abin da ke ɗaukar lantarki da zafi, yake ƙyalli, yake kuma miƙuwa idan an doke shi maimakon ya farfashe. Da wannan ma'auni fiye da kashi uku cikin huɗu na sinadarai 118 da aka sani ƙarafa ne. Cikinsu akwai sodiyam, wanda Humphry Davy ya ware a 1807, ana yanka shi da wuƙa, yana kuma yawo a kan ruwa. Ɗalibin da ƙarfe ke nufin fartanya a kunnensa dole ya yi mamaki. Malamin da ke koyarwa da Hausa ba ya buƙatar aron sabuwar kalma don wannan: ya bar "ƙarfe" ga dangin duka, ya kira na maƙera "baƙin ƙarfe", kamar yadda maƙera suka daɗe suna yi.