Abin Da Ke Sa Filashi Katsewa A Shagunan Titin Bauchi

JOS: A kan Titin Bauchi, inda Jami'ar Jos da aka kafa a 1975 take da mazauni, shagunan buga takardu kan cika maƙil idan lokacin miƙa kundin kammala karatu ya zo. Abin da ɗalibai suka fi tsoro shi ne filashi ya katse ana cikin kwafar aiki, wahalar shekara guda ta lalace.

Sau da yawa kuwa laifin ba na filashin ba ne. Ramin USB 2.0 ba ya ba da wutar da ta wuce miliamfiya 500, saboda haka in an jona faifan ajiya da wayar da ake caji a mahaɗa ɗaya, sai wutar ta gaza. Ramukan gaban akwati da waya aka haɗa su, na baya kuwa manne suke da babban allon kwamfuta, su suka fi ƙarko. Ƙurar hunturu ma kan toshe rami. Har ila yau, Windows kan kashe rami don tsimin wuta, amma ana iya hana ta a wurin saita wuta.

Ɗalibi mai hankali dai kwafi biyu yake ajiyewa kafin ya shiga shago.