Shigowar Hunturu a Rano da Kibiya: Lokacin Lambu da Sana'ar Hannu

A ƙasar Rano da Kibiya ba sai an duba kalanda ake sanin kaka ta yi nisa ba. Wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba akwai asubahin da ruwan randa zai ƙagar da hannun mai alwala, gari ya waye hazo ya rufe kan duwatsu. Daga ranar gaisuwa ta sauya. In an ce "Ina sanyi?" sai a amsa da "Lokacinsa ne." An kai gero rumbu, dawa na jiran yanka, magidanci ya fara samun sararin zama a gida. Sai dai zaman ba na hutu ba ne, domin yanayin nan shi ya fi dacewa da wasu ayyuka biyu: lambu da sana'ar hannu.

Iskoki biyu ne ke musayar wuri a samaniyar ƙasar Hausa. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da danshi, ita ke kawo damina. Ɗayar busasshiya ce, daga Sahara take zuwa ta arewa maso gabas. A watan Oktoba mai danshin kan ja da baya zuwa kudu, ta bar wa ta hamada fili. Yawancin ƙurar da ke biyo ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tashi, wurin da a da can gindin wani ƙaton tafki ne. Sanyin kuwa rashin danshi ke jawo shi. Tururin ruwa a iska kamar bargo yake, yana tare zafin da ƙasa ta sha da rana. Idan babu shi, zafin ya tsere sama da dare. Shi ya sa a Disamba da Janairu ma'aunin zafi a yankin Kano kan sauka wajen digiri 13 da asuba, ya hau kusan 30 da azahar.

Wannan tazarar ita tumatir ke so. Furensa ya fi kama 'ya'ya idan dare ya yi sanyi, yana kuma kakkaɓewa idan zafi ya tsananta. Albasa da karas da kabeji da latas ma sanyin suke so. Cututtukan ganye da laima ke yaɗawa su ma sukan lafa. Alkama ma ba ta yi a nan sai da ɗari, don haka manoman Kadawa ke rige-rigen shuka ta daga tsakiyar Nuwamba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zama babbar sana'a a Kura da Bunkure da Garun Malam, maƙwabtan Rano.

Wanda ba shi da fili a bakin ruwa ma yana da rabonsa. 'Yar kusurwa a bayan ɗaki, ko tsofaffin buhuna da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen takin dabbobi, sun isa a shuka alayyafo da attaruhu da albasa mai lawashi. Abin lura shi ne iskar tana zuƙe ruwa da sauri. A yi ban ruwa da safe ko da yamma, a rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a kafa zana ta gefen da iska ke bugowa. Zanar tana kuma tsare awaki da kaji.

Kayan sana'ar ma kaka ce ke samar da su. Gamba ta bushe an samu ta saƙar zana, karan dawa ya samu na danga, duma ya ƙosa na fafe ƙwarya. Mata na zaune a hantsi suna saƙa faifai da tabarma, suna yayyafa wa kaba ruwa don kada bushewar iska ta sa ta kakkarye. Masu ɗinkin hula suna ta aikin allura, magina na buga tubali tun da babu fargabar ruwa. A tsakar gida an baza kuɓewa da soɓorodo da kauɗar tumatir, suna bushewa ba tare da sun yi fumfuna ba. Aikin hannu ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa: a labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ake kira sarakunan baba, saboda shahararsu a saƙa da rini.

Hunturu na da nasa haɗarin. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kisa cikin barci. Tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya cinye zana da rumbu.

Lokacin gajere ne. Kafin ƙarshen Fabrairu zafi ya fara dawowa. Tumatir na buƙatar kamar wata ɗaya a gadon reno, sannan wata biyu ko fiye bayan dashe. Wanda ya yafa iri a makon farko na sanyi zai ci miyar lambunsa kafin ɗari ya ƙare. Wanda ya bari sai Janairu, bazara ce za ta tarar da furensa.